Daga Katsina Zuwa Fadamar Lekki: Yinin da Na Yi da Tsuntsaye

Akwai wata tsamiya a bayan gidanmu a Katsina wadda shamuwa ke yin sheƙa a kanta kowace damina. Muna yara, da zarar kaka ta yi aka fara yankan gero, sai mu wayi gari mu ga sheƙar ba kowa. Na taɓa tambayar kakarmu inda shamuwa ke zuwa, ta ce, "Ci-rani ta tafi, kamar kawunnanku." Na girma da wannan amsar, ban kuma ƙara bin diddiginta ba, sai bana da ɗan yayata da ke zaune a Legas ya matsa mini lamba. Yaron ya shiga cikin masu kallon tsuntsaye tun yana jami'a, kullum sai ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Ya ce, "Kawu, ka zo a watan Janairu, lokacin ne baƙi ke nan." Da ma na kwana biyu ban ga Yaya ba, sai na haɗa zumunci da kallo.

Ranar da na tashi, hunturu ya kankama. Hazo ya rufe gari har ba a hango saman hasumiyar Gobarau sosai, leɓe duk ya tsage, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi. Na biya naira 6,000 zuwa Kano, muka bi ta Charanchi da Kankiya da Bichi, babu wani abin labari. A Kano na yanki tikitin doguwar bas a kan naira 40,000, muka tashi bayan la'asar.

Motar cike take da 'yan ci-rani. Samari ne yawancinsu, kowa da 'yar jakarsa da bargo, wasu daga ƙasar Daura, wasu daga Jibiya, har da mutanen Maraɗi. A ƙarƙashin mota kuwa buhunan albasa ne da busasshen barkono. Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, daga wani ƙauye a yankin Batsari. Ya ce mini da can sai an gama girbi yake tafiya kudu, ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Yanzu kuwa gonar tasu ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, iyayensa suna zaune a gidan aro a cikin gari, shi kuma bai san ranar dawowa ba. Ya faɗi haka ne ba tare da ɗaga murya ba, yana ɓare gyaɗa yana miƙo mini. Da muka shiga hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin dare, hira ta mutu a motar gaba ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar inji da ƙwanƙwasar carbi.

Shingaye kuwa na daina ƙirgawa. Yawancinsu direba kan rage gudu, a haska fitila, a wuce. Amma a wani da muka tarar bayan mun haye kogin Kwara mun bar Lokoja a baya, sai aka ce duk samarin su sauko. Aka jera su a bakin titi cikin raɓa, ana tambayar katin shaida, ana zazzage jakunkuna. Abin da ke cikin jakar maƙwabcina riga biyu ne da ƙullin garin kwaki da 'yar ƙaramar rediyo. Sama da awa guda muka ɓata a wurin. Ni da na ɗan manyanta, da tabarau a fuska, ba wanda ya ce mini kanzil, kuma wannan bambancin ya tsaya mini a rai har yanzu. Da yaron ya dawo ya zauna, na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce, "Baba, ai mun saba."

Gari ya waye mana a wajen Owo. Na leƙa ta taga na ga duniya ta canza: kurmi kore shar, itatuwan kwakwar manja, ayaba a bakin hanya, a watan da ko ciyawa ɗaya ɗanya ba ka gani a Katsina in ba a lambu ba. Na cire rigar sanyi, ban kuma sake saka ta ba sai a hanyar dawowa. Muka wuce Akure da Ibadan, muka shiga Legas bayan azahar, ƙafafuna sun kumbura.

A Agege na sauka, gidan Yaya. Wanda bai taɓa zuwa Agege ba zai yi mamakin yadda Hausa ke tashi ta ko'ina, ga masu tsire, ga masu waina, ga kiran salla. Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, fanka na juyawa amma gumi bai daina zuba ba, don zafin can mai danshi ne, yana manne wa mutum a jiki kamar rigar da ba ta bushe ba. Yaya ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka da daddawar da na kawo mata. Da mijinta ya ji abin da zai fitar da mu da asuba, sai ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce, "Malam, yanzu tun daga Katsina, tsuntsun da ba kamawa za ka yi ba, ba ci za ka yi ba?" Ban ga laifinsa ba. A yadda muka taso, tsuntsu abin harbi ne da danƙo, ko abin kora daga gonar gero. Ni kaina na kashe kurciyoyi da yawa ina yaro.

Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da ɗan yayata da wani abokinsa Bayarabe mai mota, wanda ya yi karatun ilimin tsuntsaye a cibiyar APLORI da ke kusa da Jos. Muka hau babbar gadar nan ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990. Gari bai gama wayewa ba, amma ana hango gidajen Makoko tsaye a kan ruwa bisa turaku, hayaƙi na tashi, kwale-kwale na fita kamun kifi. Wannan ruwan shi ne babban tafkin Legas, bakinsa a haɗe yake da teku, shi ya sa ruwansa zartsi ne, musamman da rani. Kafin ƙarfe bakwai mun wuce Ajah mun isa bakin ruwa ta wajen Badore. Wani masunci da suka saba da shi yana jiranmu, muka ba shi naira 15,000, ya ba mu rigunan kariya, muka shiga.

Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani shi ne na dam ɗin Ajiwa da na Zobe, wanda ke cika da damina ya ja baya da rani. Nan kuwa ruwa na janyewa ya dawo sau biyu a kowace rana. Mun zo daidai lokacin da ya janye, ya bar laka baƙa mai sheƙi a bakin gaɓa. Itatuwan wurin tsaye suke a kan saiwoyinsu, saiwar ta fito waje ta lanƙwasa ta shiga laka, kamar mutum ya tattare wando zai haye rafi. A ƙarƙashinsu ƙananan ƙaguwa ne birjik, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato yana ɗagawa. Sai na ga wani kifi, kifi sosai mai ƙaya da jela, ya fito daga ruwa yana jan jiki a kan laka da fikafikansa na gaba, idanunsa a saman kai kamar na kwaɗo. Na yi salati. Masuncin ya yi dariya, ya ce wani abu da Yarbanci, aka fassara mini cewa irinsu sun fi a ƙirga.

Ɗan yayata ya rataya mini madubin hangen nesa, ya nuna mini yadda ake murza shi har hoto ya fito. Ya ce, "Kawu, kada ka nuna da hannu, kada ka yi magana da ƙarfi. Ka fara ganin tsuntsun da idonka, sannan ka ɗaga madubin ba tare da ka kawar da kai ba." Na ɗauki lokaci kafin hannuna ya faɗa. Abin da na fara kamawa sosai zalɓe ne, tsaye cikin ruwa iya gwiwa, bai motsa ba har na gaji da riƙe madubin. Na san zalɓe tun ina yaro, amma ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar: rawaya ce, da baƙin ɗigo a tsakiya, ga wani baƙin gashi siriri da ya zubo ta ƙeyarsa. Can sai ya sassauta wuya a hankali, a hankali, ya kai sara sau ɗaya, ya ɗago da kifi a gicciye a baki, ya juya shi ta kai ya haɗiye. Na ga kifin yana gangarawa a cikin wuyansa.

Daga nan ido ya buɗe. Ga wani ɗan tsuntsu mai ɗigon fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai, baki a ƙasa, sai ya faɗo cikin ruwa kamar an jefa dutse. Ga garken kirinjijiya sun taso suna fito. A wani lungu da kainuwa ta rufe ruwa, muka ga wani mai launin ƙasa-ƙasa da farin wuya yana tafiya a kan ganye, yatsunsa dogaye har sun kusa kai tsawon ƙafarsa, shi ya sa ba ya nutsewa. Abokin namu ya ce a wannan jinsin namiji ne ke kwanci a kan ƙwai, shi ke reno, in ya ga haɗari ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fikafikansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Belbela kuwa tana nan da yawa, sai dai babu shanun da za ta bi. Mu da muke mata kirari da ci da motsin wani, a can na gan ta a kan juji da bakin kwata tana neman na kanta.

Baƙin da aka kira ni in gani ba su da wani ado. Na farko ɗan ƙarami ne, bayansa toka-toka, cikinsa fari, yana gudu a bakin laka yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa. Na biyu ya fi shi girma, kamar budurwar kaza, da dogon baki mai lanƙwasa ƙasa, yana zura shi cikin ramin ƙaguwa. Da a hanya na gan su, ko kallo ba za su ishe ni ba. Sai aka buɗe mini littafi mai hotuna da taswira, aka nuna mini inda suke ƙyanƙyasa: can ƙarshen arewacin Turai da Rasha. Idan sanyi ya shigo ƙasa ta daskare, abinci ya ɓace, sai su yo kudu, su yi watanni a nan, su koma wajen Maris ko Afrilu. A cikin masu dogon bakin nan, waɗanda ke fitowa daga tsibirin Aisilan, an bi sawunsu da 'yar na'ura an ga suna tasowa su bi ta saman teku kwana huɗu ko biyar ba sauka, har gaɓar Afirka ta Yamma. Na tuna kumburin ƙafata na kwana guda a cikin mota, ina zaune, ana tsayawa cin abinci. Na sake ɗaga madubin na dube shi da kyau. Yana can yana wanke ƙaguwa a ruwa kafin ya haɗiye.

Hatta tsattsewar da ke shawagi a kanmu, mai jan maƙogwaro da jela mai reshe biyu, aka ce daga Turai take. Nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma tana ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara sau biyu a shekara, ke nan ta saman garuruwanmu take wucewa. Ana gane haka ne ta wani ɗan zoben ƙarfe mai lamba da masana ke saka wa tsuntsu a ƙafa, in an sake kama shi a wata ƙasa a duba. A Boje ta jihar Kuros Riba akwai ɗaya daga cikin manyan wuraren kwanansu a Afirka. Ina zaune cikin kwale-kwalen ayar nan ta Suratul An'am ta faɗo mini, inda Allah ke cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku. Na sha karanta ta, amma ranar na ji ta daban.

Na tambayi labarin shamuwa. Abokin namu ya gane ta nan take da na kwatanta, ya ce ba a nan take yada zango ba, wucewa take yi har gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina lokacin da mu muke rani. Wadda ke ci-rani a Legas ita ce shirwa. Ya nuna mini sama, ga su nan kuwa sun fi ashirin suna kewaya wurin da mata ke gyaran kifi. Shirwa mai rawayan baki takan yi rani a kudu, in ruwa ya sauka ta bi shi zuwa arewa. Wato ni da ita da samarin cikin motar nan duk hanya ɗaya muka biyo.

Abin da ya ɓata mini rai a wurin shi ne ƙarar injinan haƙo yashi. Tun da muka shiga ruwa take tashi ba ƙaƙƙautawa. Ana zuƙo yashi daga ƙasan tafkin ta manyan bututu, a cike fadama da shi, a yanka filaye, a gina benaye. Masuncin ya nuna mana wata unguwa mai katanga da fenti, ya ce a nan yake dasa raga shekarun baya. Ya ce ruwa ya gurɓace, kifi ya yi nisa. Fadamar nan ita ce ke shanye ruwan sama, cike ta da ake yi shi ya sa unguwannin Lekki ke fama da ambaliya duk damina. Tsuntsun da ya taso daga wata duniya bai san an sayar da filin ba, zai zo ne kawai ya tarar da siminti a inda ya bar laka.

Wajen ƙarfe goma muka fito, muka karya da burodin Agege da dafaffen wake mai baƙin yaji a bakin titi, muka nufi gandun Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990. Hekta 78 ne kacal, gidaje sun kewaye shi ta kowane gefe, amma kana shiga ƙarar motoci ta fara dushewa. Ana tafiya ne a kan wata hanyar katako da aka ɗora bisa fadama, ruwa baƙi kamar shayi a ƙasa, tukurwa ta yi rumfa a sama. Birai sun saba da mutane ƙwarai, ɗaya ya sauko ya zauna a kan makarin hanya yana duban ledar hannuna, farin gemunsa kamar na dattijo. Akwai kuma gadar lilo da aka rataya a saman itatuwa, tsawonta mita 401. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ce a dama da hagu, tana rawa da kowane taku. Na hau da addu'a a bakina, na riƙe igiya da hannu biyu. Da na kai tsakiya na daure na ɗaga kai, sai ga kurmi a ƙarƙashina, ga wasu 'yan'uwan cilakowa baƙaƙe masu farin ciki suna tsallakawa daga reshe zuwa reshe, ga benaye sun yi wa gandun zobe.

A can saman ne ɗan yayata ya kama hannuna ya ce, "Kawu, dubi ungulu." Na duba ban ga ungulu ba, sai wani babban tsuntsu fari mai baƙaƙen fikafikai, tsaf da shi, a kan kwakwar manja. Ashe dangin ungulu ne, amma yawancin abincinsa 'ya'yan kwakwa ne da na tukurwa, yakan haɗa da ƙaguwa da kifi. Na tsaya ina kallonsa yana riƙe ƙwayar da ƙafa yana yagar jan naman. Sai tambaya ta zo mini: yaushe rabona da ganin ungulu a Katsina? Muna yara, mahauta da bayan kasuwa cike suke da su, suna tsalle-tsalle a tsakanin mutane, ba mai kula su. Mukan ce ungulu ba ta jewar banza. Na yi ta lissafi a kan gadar nan, na kasa tuna shekarar da na ga ta ƙarshe. Abokin namu ya ce tun 2015 aka saka irin tamu ta gida cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma manyan dalilan su ne guba da farautarta da ake yi ana sayar da kai da ƙwai ga masu tsibbu. Sun ɓace a gaban idonmu, ni dai ban ji wanda ya yi cigiya ba. Haka gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, yaran yanzu sai dai a hoto.

Da la'asar, kafin mu faɗa cunkoson komawa Agege wanda ya ci mana awa uku, muka tsaya wurin wani mai shayi a Ajah. Daga jin gaisuwarsa na san mutumin ƙasar Daura ne. Ya tambaye ni sanyi, ya tambayi farashin gero, ya ƙi karɓar kuɗin shayina. Da ya ga madubi a wuyana ya ji abin da ya kawo ni, bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, ai ni ma da tsuntsu nake aiki. In bazara ta yi, kullum sai na buga waya gida na tambaya ko shamuwa ta sauka. Ranar da aka ce mini ta sauka, ranar nake ɗaure teburin nan in nemi mota."

Kwana huɗu na ƙara a Agege na juyo. Ɗan yayata ya bar mini tsohon madubinsa, wanda gefe ɗaya ya ɗan dushe, da wani ƙaramin littafin rubutu. Mako guda da dawowata, ranar Asabar, na hau babur da sassafe na tafi dam ɗin Ajiwa. Sanyi na yankan kunne, masu lambu suna ta da injin ban-ruwa. Na sami wani dutse a bakin ruwa na zauna. Na ƙirga belbela 31 da zalɓe 2 da kirinjijiya da ban iya ƙirgawa ba. Rana ta ɗan ɗaga ke nan sai ga wani ɗan ƙarami, bayansa toka-toka, cikinsa fari, ya sauka a kan laka kusa da sawun shanu, yana kaɗa gindi sama da ƙasa. Wani yaro mai kiwo ya matso yana kallona, danƙo a rataye a wuyansa. Na miƙa masa madubin, na nuna masa inda ake murzawa.